Likitan Ma'aikatu: Sana'ar Mashawarcin Kwamfuta da Hanyar Kaiwa Gare Ta

Idan aka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare abin da suke so su zama, galibi amsar ba ta wuce likita, injiniya, lauya ko matuƙin jirgin sama. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin masu cewa su kwamfuta za su karanta. To amma da zarar an sake tambaya, wane aiki ne za ka yi da ilimin kwamfutar, sai a ji an ce gyara, ko buga takardu, ko kuwa rubuta manhaja. Akwai wata sana'a da ba kasafai ɗalibai kan ambace ta ba, alhali kuwa bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati suna kashe maƙudan kuɗi wajen neman masu ita. Wannan sana'a ita ce ta mashawarci kan fasahar sarrafa bayanai, wanda za mu riƙa kira mashawarcin kwamfuta don sauƙi. Wannan maƙala za ta duba asalin sana'ar, da yadda ake yin ta, da nauyin da ke wuyan mai yin ta, sannan da matakan da ɗalibi zai taka kafin ya kai gare ta.

WANE NE MASHAWARCI?

Mashawarcin kwamfuta ƙwararre ne da wata ma'aikata kan ɗauko daga waje, na wani ƙayyadadden lokaci, domin ya binciki wata matsala tata, ya faɗa mata irin na'urori da manhajar da za su warware ta, kuma sau da yawa ya sa ido har a kammala aikin. Ya bambanta da ɗan kasuwa mai sayar da kwamfuta, domin shi ɗan kasuwa ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Ya kuma bambanta da ma'aikacin dindindin na sashen kwamfuta, wanda yake ƙarƙashin shugabannin wurin, kuma ba koyaushe yake iya faɗa musu abin da ba sa son ji ba.

Wanda ya fi kama da shi shi ne likita. Majinyaci yakan zo asibiti yana cewa a yi masa allura, domin ya riga ya yanke wa kansa magani tun daga gida. Likitan kirki ba ya ɗauko allura nan take, sai ya yi tambayoyi, ya auna, ya gano cutar tukuna. Haka shugaban ma'aikata yakan kira mashawarci ya ce, "Muna son a sayo mana kwamfutoci hamsin." Aikin farko na mashawarci shi ne ya gano ciwon da ya sa ake neman kwamfutocin. Yana yiwuwa bayan bincike a tarar goma ma sun isa, ko kuwa a tarar matsalar tana cikin yadda fayil ke yawo daga tebur zuwa tebur, wadda ko kwamfuta dubu aka kawo ba za ta gyaru ba.

ASALIN SANA'AR

Wani abin mamaki shi ne, kamfanin da ya fara amfani da kwamfuta wajen gudanar da ayyukan ofis na yau da kullum kamfanin shayi da burodi ne. Sunansa J. Lyons, a ƙasar Ingila. A shekarar 1947 ya tura manyan ma'aikatansa biyu Amurka domin su ga sababbin dabarun tafiyar da ofis, suka komo da labarin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kamfanin ya tallafa wa aikin ƙera kwamfuta da ake yi a Jami'ar Kambirij, sannan ya ƙera tasa mai suna LEO, wadda ta fara lissafin kayan gidajen burodinsa a watan Nuwamban 1951. Sirrin nasarar wannan aiki shi ne, waɗanda suka tsara shi sun san harkar ofishin ciki da bai tun kafin su san kwamfuta.

A Amurka kuwa, a shekarar 1953 kamfanin General Electric ya ɗauko ma'aikatan wani kamfanin akantoci mai suna Arthur Andersen domin su bincika masa ko kwamfuta za ta iya lissafin albashin ma'aikatan masana'antarsa da ke jihar Kentaki. Suka ba da shawarar a kawo na'urar UNIVAC I, aka kuwa girka ta a 1954. Wannan yana cikin ayyukan farko da aka biya wasu mutanen waje kuɗi don shawara kan kwamfuta. Sashen da ya yi aikin shi ne ya bunƙasa har ya zama kamfani mai zaman kansa, wanda tun daga 2001 ake kira Accenture.

Abubuwa biyu sun ƙara buɗe kasuwar. Na farko, a 1969 kamfanin IBM ya daina haɗa kuɗin manhaja da na hidima cikin farashin na'ura, ya koma sayar da kowanne daban. Wannan ya ba ƙananan kamfanoni damar shiga gasa. Na biyu shi ne matsalar shekarar 2000. A zamanin da wurin ajiya a cikin kwamfuta yake da tsada ƙwarai, masu rubuta manhaja sun saba rubuta shekara da lambobi biyu kacal, wato 85 a maimakon 1985. Da ƙarni ya zo ƙarewa sai aka ga cewa na'ura za ta iya ɗaukar 00 a matsayin 1900, lissafin ruwan banki da fansho da ranakun biya duk su rikice. Aka bazama neman waɗanda za su bi tsofaffin manhajoji layi bayan layi suna gyarawa. Kamfanonin Indiya irin su TCS, da Infosys wanda injiniyoyi bakwai suka kafa a 1981, sun sami kaso mai tsoka na wannan aiki, kuma ta nan ne da yawa daga manyan kamfanonin Turai da Amurka suka fara amincewa da su.

A Nijeriya buƙatar ta taso sosai bayan shigowar wayar salula a 2001, shekarar da aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo juna: lambar tantance masu ajiya a banki ta BVN a 2014, da komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tilasta wa ɗimbin ma'aikatu da makarantu da 'yan kasuwa neman wanda zai nuna musu yadda za su yi.

YADDA AIKIN YAKE GUDANA

Bari mu ɗauki misalin da kowane malami zai gane. A ƙaddara wata sakandare ce mai ɗalibai 1,200, kowane ɗalibi yana ɗaukar darussa 9, ana yin gwaji biyu da jarrabawa ɗaya a kowane zango, shekara kuma zango uku ce. Idan aka lissafa, malamai suna rubuta maki 97,200 da hannu a duk shekara, su tara, su fitar da na ɗaya da na biyu. Sakamako yana makara, kurakurai suna yawa, iyaye suna ƙorafi. Shugaban makaranta ya kira mashawarci.

Matakin farko shi ne sauraro. Zai zauna da shugaba, da jami'in jarrabawa, da malaman aji, har da magatakarda mai buga takardu, domin sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ya fi kowa sanin inda aiki ke tsayawa. Zai bi takardar maki guda ɗaya tun daga hannun malamin darasi har ta zama katin sakamako, yana rubuta hannu nawa ta ratsa, da kwana nawa ta yi a kowane tebur.

Mataki na biyu shi ne rubuta buƙatu dalla-dalla, a kuma sa hannu a kansu. Wa ke da ikon shigar da maki? Wa ke da ikon canza shi bayan an shigar, kuma shin na'ura za ta ajiye sunan wanda ya canza da lokacin da ya canza? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce za ta hana a sayar da maki a ɓoye.

Mataki na uku shi ne auna zaɓi. A sayi manhajar da ke kasuwa, ko a sa a rubuta sabuwa, ko kuwa a fara da jadawalin Excel kawai? A nan ne ake gane mashawarcin da ya san ƙasarsa. Zai tambaya awa nawa ake samun wutar lantarki a unguwar, ko akwai janareta ko na'urar hasken rana, yaya ƙarfin intanet yake, ina za a ajiye na'urorin don kada ƙurar hunturu da zafin bazara su kashe su. Zai lissafa kuɗin shekara biyar, ba kuɗin saye kaɗai ba, domin akwai batir da za a sauya, da kuɗin data, da na gyara, da na horar da sababbin malamai. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar sayen kayan kwamfuta.

Mataki na huɗu shi ne gwaji. Ba zai yarda a jefar da rajistar takarda rana ɗaya ba. Zai ce a fara da aji ɗaya na tsawon zango guda, ana yi da hannu ana kuma yi da na'ura, a kwatanta sakamakon. Zai tsara yadda za a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, saboda gobara ko sata ko lalacewar na'ura. Daga ƙarshe zai horar da malamai, ya rubuta musu jagora cikin harshe mai sauƙi, ya miƙa musu dukkan kalmomin sirri. Mashawarcin da ya ƙware shi ne wanda in ya tafi aiki ba ya tsayawa.

IDAN AKA TSALLAKE MATAKAN

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan matakai ɓata lokaci ne. A ranar 26 ga Oktoban 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin Landan ta koma amfani da sabon tsarin kwamfuta wajen karɓar kiran gaggawa da tura motoci. Cikin sa'o'i kaɗan abubuwa suka dagule. Na'ura ta rasa sanin inda motoci suke, aka riƙa tura mota fiye da ɗaya wuri guda, wasu majinyata kuwa suka yi ta jira na sa'o'i. Ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cik, aka koma takarda da biro. Shugaban hukumar ya ajiye aikinsa.

Kwamitin da ya binciki lamarin ya fitar da rahotonsa a 1993. Ya gano cewa wa'adin da aka ɗiba wa aikin ya yi gajarta ƙwarai, an fifita arahar farashi wajen ba da kwangila, kamfanin da ya rubuta manhajar ƙarami ne da bai taɓa yin aiki irin wannan ba, ba a gama gwaji ba, kuma ma'aikatan da za su yi amfani da tsarin ba su sami isasshen horo ba. Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa akasarin kurakuran na mutane ne da na shugabanci. Har yau ana koyar da wannan labari a azuzuwan injiniyancin manhaja.

GASKIYA GA WANDA YAKE BIYANKA

Akwai wani labari daga Ingila da ya fi wannan muni, wanda yake nuna babban jarin mashawarci. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta girka wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan gidajen waya. Manhajar ta riƙa nuna cewa kuɗi sun ɓace a wuraren da ko kwabo bai ɓace ba. Hukumar ta gaskata na'ura, ta ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci. Wasu an ɗaure su, wasu sun tsiyace wajen biyan kuɗin da ba su ci ba, wasu sun mutu da tabon a jikinsu.

A 2012 hukumar ta ɗauko wasu ƙwararrun masu binciken lissafi daga wani ƙaramin kamfani mai suna Second Sight. Hukumar ce take biyan su, amma duk da haka rahotonsu na 2013 ya bayyana cewa an sami kurakurai a cikin manhajar, kuma suka ci gaba da tono. A 2015 aka kawo ƙarshen aikinsu. Sai a watan Disambar 2019, bayan mutum 555 sun kai ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen da aka yanke wa ɗaruruwan mutane. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Waɗancan masu bincike sun rasa kwangila, amma sunansu ya fita da daraja.

Irin wannan jarrabawa tana jiran duk wanda ya shiga sana'ar, ko da a ƙaramin mataki. Mai sayar da kaya zai yi maka tayin kamasho in ka ba da shawarar a sayi nasa. Shugaba zai so ka sa hannu cewa aiki ya kammala alhali ka san da saura. Za ka ga albashin mutane, da bayanan rashin lafiyarsu, da sirrin kasuwancinsu. Ranar da aka ji ka karɓi na goro daga dillali, ko ka fitar da sirrin wani, to daga ranar shawararka ta tashi daga aiki, kuma a wannan sana'a labari ya fi talla saurin yaɗuwa.

HANYAR DA ƊALIBI ZAI BI

Tun daga sakandare ake aza harsashi. Akasarin jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fizik kafin su ɗauki ɗalibi a fannin kwamfuta. Lissafi yana koyar da warware matsala mataki bayan mataki. Harshe kuwa kada a raina shi, domin abin da mashawarci yake miƙawa a ƙarshe rahoto ne, kuma rahoton da shugaba bai fahimta ba tamkar ba a rubuta shi ba ne. Wanda ya iya bayyana abu mai wuya da Turanci a ɗakin taro, ya kuma juya ya bayyana shi da Hausa ga ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya fi takwaransa mai harshe ɗaya. Ƙungiyar muhawara ta makaranta tana da amfani a nan kamar yadda ɗakin kwamfuta yake da shi. Darussan Tattalin Arziki da Akanta su ma suna taimakawa, tunda yawancin matsalolin da za a kawo maka na kuɗi ne da kaya.

A gaba da sakandare akwai digiri a jami'a, akwai kuma difloma a kwalejin kimiyya da fasaha. Sabon tsarin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ya ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar bayanai. Lokacin koyon aiki na SIWES da shekarar bautar ƙasa dama ce ta zinariya, a nemi wurin da za a taɓa aiki da hannu, ko da kuɗin da ake bayarwa kaɗan ne.

Bayan haka akwai takardun ƙwarewa da duniya ta sani. Mai sha'awar haɗa kwamfutoci yakan nemi CCNA ta kamfanin Cisco, mai sha'awar binciken tsarin kwamfutocin ma'aikatu yakan nemi CISA, mai son jagorantar manyan ayyuka kuma PMP. Biyun ƙarshe ba a ba da su sai mutum ya nuna shaidar shekarun da ya yi yana aiki. A gida kuma akwai majalisar CPN, wadda doka mai lamba 49 ta 1993 ta ɗora wa alhakin yi wa ma'aikatan kwamfuta rajista. Wanda zai buɗe nasa ofis sai ya yi rajista da hukumar CAC, ya kuma saba da rubuta yarjejeniya kafin ya fara kowane aiki.

Abin da ya kamata ɗalibi ya sani tun yanzu shi ne, ba a fita daga jami'a yau a zama mashawarci gobe. Mutane suna biyan kuɗi ne don gogewa. Hanyar da aka saba ita ce mutum ya yi wasu shekaru a sashen kwamfuta na banki ko asibiti ko kamfanin sadarwa, ko ya shiga kamfanin mashawarta a matsayin ƙaramin ma'aikaci yana bin manya, har ya ƙware a fage ɗaya da za a san shi da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

ƊACI DA ZAƘINTA

Sana'ar tana da daɗi ga mai son sabon abu, domin bana kana asibiti, baɗi kana masana'antar shinkafa, kowanne da irin matsalarsa. Wanda ya yi suna yana samu ƙwarai, kuma intanet ta sa mutum yana zaune a Zariya ko Maraɗi yana iya yi wa kamfanin wata nahiya aiki. Amma mai zaman kansa ba shi da albashin ƙarshen wata. Wani lokaci ayyuka su yi masa yawa, wani lokaci ya yi watanni shiru, ga kuma masu jinkirin biya. Akwai yawan tafiya da kwana kan aiki. Ilimin kuma yana tsufa da sauri. Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta ƙananan manhajoji cikin daƙiƙoƙi, aikin da a da ake biyan mutum ya yi. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne shiga ma'aikata ya zauna da mutane, ya gano abin da ba su faɗa ba, ya auna abin da na'urar ta rubuta, ya kuma ɗauki alhakin shawarar da ya bayar.

KIRA GA MALAMAI DA ƊALIBAI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malami ba ya buƙatar ɗaki cike da kwamfutoci kafin ya fara koyar da wannan sana'a. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya tura wasu ɗakin karatu su gano yadda ake ba da aron littafi da dalilin da ya sa littattafai ke ɓata, wasu kuma ofishin mai karɓar kuɗin makaranta su ga yadda ake rubuta rasit. Kowane rukuni ya yi tambayoyi, ya zana yadda aikin ke tafiya, ya kawo shawara a shafi biyu tare da lissafin abin da za a kashe, sannan ya tsaya gaban aji ya kare ta. Rukunin da ya gano cewa gyaran rajista ya wadatar, ba sai an sayi na'ura ba, a ba shi maki cikakke.

Ɗalibin da yake da sha'awa kuwa ya fara daga inda yake. Akwai shagon mahaifi ko na maƙwabci da ake rubuta bashi a tsohon littafi, akwai ƙungiyar unguwa da lissafinta ya rikice. Ya nemi izini, ya saurara, ya gwada tsara musu abin a waya ko kwamfuta, ya koma bayan wata guda ya ga ko suna amfani da shi. In ba sa yi, ya tambayi dalili, domin amsar da za su ba shi ita ce darasinsa na farko a wannan sana'a.